Ɗan Kwaɗon Nan na Bakin Adireshi

'Yan'uwana ɗalibai, abin da zan yi magana a kansa ɗan ƙanƙane ne, bai kai ƙwayar gero ba a fuskar waya, amma rashin sanin ma'anarsa ya jawo wa gidanmu hasarar da har yau ba mu manta ba. Ina nufin hoton ɗan kwaɗon nan, irin wanda ake kulle ƙofa da shi, da ke fitowa a gefen adireshi in mutum ya shiga wani shafi na intanet. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Saboda haka zan fara da abin da ya same mu, sa'an nan in bayyana abin da na koyo daga baya.

Ni mutumin Badariya ne, a cikin Birnin Kebbi. A gidanmu duk wanda wayarsa ta rikice ni yake kira, don kuwa ni kaɗai ke shiga ajin kwamfuta. Wannan ya sa na ɗauki kaina gwani. Bayan an yanke shinkafar rani, Baba ya sayar da abin da ya samu a fadama, ya zuba kuɗin a asusun yayata na banki, da nufin su zama kuɗin rajistarta in ta sami shiga makarantar gaba. Ana nan, ran nan da la'asar, sai ga wani saƙo a zauren sada zumunta na 'yan ajinsu, wai wata ƙungiya za ta ba ɗalibai tallafin karatu, duk mai so ya cike fom kafin gobe. Ta kira ni ta ce, "Auta, zo ka duba mini, wannan abu na gaskiya ne kuwa?" Na karɓi wayar, na duba sama, na ga kwaɗo a kulle. Na ce, "Yaya, ki cike abinki, ba ki ga kwaɗo ba? Shafin yana da tsaro."

Ta rubuta sunanta, da lambarta ta ɗan ƙasa, da lambar BVN, da lambobin da ke jikin katinta na cirar kuɗi. Jim kaɗan wani mutum mai daɗin baki ya bugo, ya ce ta karanta masa lambar da aka aiko mata ta saƙon waya don a tabbatar da ita ce. Ta karanta. Kafin magariba asusu ya koma fanko. Baba bai yi faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Kwaɗayi mabuɗin wahala." Ni kuwa na fi kowa jin kunya, domin da bakina na ce a cike.

Kashegari na tafi wurin malaminmu na kwamfuta, na ce, "Allah gafarta Malam, ashe kwaɗon nan ƙarya yake yi?" Ya yi murmushi ya ce, "Bai yi maka ƙarya ba. Kai ne ka tambaye shi abin da ba a ɗauke shi aikin amsawa ba." Daga wannan magana ce na shiga bincike, kuma ga abin da na fahimta.

Mene ne Ajiyar Gajimare?

Kafin a gane aikin kwaɗo, tilas ne a san abin da yake tsarewa. Da can, in mutum ya rubuta wani abu a kwamfuta, a cikin kwamfutarsa yake zama. Yanzu kuwa galibin abubuwan da muke yi suna zaune ne a kwamfutocin wasu mutane. Wasiƙunmu na Gmail, da hotunan da waya ke ajiye mana a Google Drive, da fom ɗin jarrabawa da muke cikewa, duk ba a hannunmu suke ba. Suna cikin wasu manyan gine-gine masu cike da injina, waɗanda ake sanyaya su dare da rana. Wannan tsari shi ake kira gajimare. Sunan yana ruɗarwa, don babu abin da ke sama. Rumbu ne kawai, amma rumbun wani, a wani gari.

Kamfanin Amazon ya fara ba da hayar irin wannan rumbu ga kowa da kowa a 2006, Google kuwa ya buɗe Google Drive a 2012. A nahiyarmu, Microsoft ya buɗe nasa gine-ginen a biranen Johanasbag da Kef Tawun na Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi sahu a Kef Tawun a 2020. A nan Nijeriya akwai irinsu a Legas, akwai kuma kamfanin gwamnati mai suna Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006 don ya riƙe wa ma'aikatun gwamnati nasu bayanan.

Ke nan in yarinya ta zauna a Badariya ta danna waya, saƙonta zai hau turken sadarwa na unguwa, ya bi wayoyin ƙarƙashin ƙasa zuwa Legas, wani lokaci ya shiga wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ya fita a Turai ko Amurka, sa'an nan amsa ta dawo, duk kafin ƙiftawar ido. Wanda ke shakkar wannan ya tuna 14 ga Maris, 2024, ranar da wasu daga cikin wayoyin nan na teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, har wasu bankuna suka kasa aiki sosai. Tafiya mai nisa haka tana da hannuwa da yawa a kan hanya. To, ƙofar da muke bi mu shiga wannan rumbu ita ce burauza, watau manhajar buɗe shafukan intanet, irin su Chrome da Firefox da Opera da Safari. Ita ce kaɗai idonmu. Abin da ta nuna mana shi muka sani, abin da ta yi shiru a kai kuwa muna cikin duhunsa.

Abin da Kwaɗo ke Faɗa

A farkon zamanin shafukan intanet, bayan Tim Berners-Lee ya ƙago tsarinsu a 1989, saƙo yana tafiya ne a buɗe, kamar takardar da ba a sa a ambulan ba. Duk wanda ta bi ta hannunsa yana iya karantawa, yana ma iya sauya abin da ke ciki. Da ciniki ya shigo intanet sai aka ga haka ba za ta yiwu ba. A 1995 kamfanin Netscape ya fito da wata dabara mai suna SSL, aka gyara ta aka sake mata suna TLS a 1999, aka kuma fito da sabon zubinta a 2018. Shafin da ke amfani da ita adireshinsa yana farawa da https, wanda ba ya amfani da ita kuwa http ne, babu harafin ƙarshe. Kwaɗon alama ce ta cewa ana amfani da wannan dabara.

Abu uku take yi. Na farko, tana juya saƙo ya koma wani irin zaurance wanda babu mai ganewa sai wayarka da injin da kake magana da shi. Duk sa'ad da ka buɗe shafi, su biyun sukan ƙulla wani mabuɗi na sirri na wannan zama kaɗai. Na biyu, in wani ya taɓa saƙon a hanya, ko da harafi ɗaya ne, za a gane. Na uku, tana tabbatar maka cewa injin da ya amsa shi ne mai riƙe da sunan da ke rubuce a adireshi.

Wannan na ukun yana bukatar ƙarin bayani, kuma mu mutanen ƙasar Gwandu da Kabi bai kamata ya yi mana wuyar ganewa ba. A zamanin da, in sarki ya aika da wasiƙa, akan buga mata hatiminsa. Wanda aka aika wa ya san hatimin, kowa yana iya dubawa, amma mai shi kaɗai ke iya bugawa. Haka yake a nan. Kowane shafi mai kwaɗo yana da takardar shaida, wadda wata hukumar ba da shaida ta buga wa hatimi. Ita kuma burauza tana zuwa da jerin sunayen hukumomin da ta amince da hatiminsu. In shafi ya miƙo takardarsa, sai ta duba: wa ya buga hatimin, sunan da ke ciki ya yi daidai da na adireshi, kuma wa'adin takardar bai ƙare ba? In duk sun cika, sai ta nuna kwaɗo.

Su ma masu hatimin ba a bar su sakaka ba. A 2011 ɓarayi sun kutsa cikin wata irin wannan hukuma ta ƙasar Holan mai suna DigiNotar, suka buga takardun jabu da sunan Google, aka yi amfani da su wajen leƙen wasiƙun mutane kimanin 300,000, yawancinsu a Iran. Da asiri ya tonu, masu burauza suka goge sunan hukumar daga jerinsu, kafin shekara ta ƙare ta durƙushe. Bayan haka aka ƙirƙiro wani littafin rajista na bainar jama'a inda ake shigar da kowace takardar da aka bayar, kuma tun 2018 Chrome ba ta karɓar sabuwar takardar da ba a shigar ba. Ana kuma ta rage wa'adin takardun. A 2020 aka taƙaita shi zuwa kwana 398, a 2025 kuma aka yanke shawarar a riƙa rage shi mataki-mataki har ya koma kwana 47 a 2029, domin in an sace takarda kada ɓarawo ya daɗe yana morarta.

Abin da Kwaɗo ba ya Faɗa

A nan ne na yi tuntuɓe, kuma a nan nake so mai karatu ya natsu. A ce kana da kaya za ka aika Argungu. Ka zuba su a akwati, ka danna kwaɗo, ka kai tasha ka ba direba. Lalle direba ba zai iya buɗewa ba, yaron mota ba zai iya ba, fasinja ma haka. Akwati zai isa hannun wanda aka rubuta sunansa a jiki, shi ke da mabuɗi. To, in shi wanda ka aika wa ɗin macuci ne fa? Kwaɗo ya gama aikinsa tsaf, ya kai wa ɓarawo kayanka ba tare da wani ɓarawon ya riga shi ba. Abin da ya faru da yayata ke nan. Lambobinta sun tafi a kulle, babu wanda ya gan su a hanya, sun isa lafiya lau hannun mazambaci.

Me ya sa mazambaci zai sami takardar shaida? Domin yawancin takardun nan abu ɗaya kawai suke shaidawa, watau cewa mai nema shi ke iko da wannan suna na intanet. Ba a tambayar ko wane ne shi, ko ɗan gidan wa, ko mene ne sana'arsa. Da can ana biyan kuɗi kafin a samu. A 2015 wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt ta fara bayarwa kyauta, inji ne ke yi cikin 'yan daƙiƙu. Wannan alheri ne babba, domin ya sa ƙananan shafuka, har da na makarantu, sun sami kulle hanyarsu. Amma ruwan da ya shayar da shinkafa shi ke shayar da ciyawa. Mai gaskiya ya samu, maƙaryaci ma ya samu.

Gajimare kuma ya daɗa dagula lamarin. Manyan kamfanonin nan kamar masu gidan haya suke, gida ɗaya mai ɗaki dubbai. Kowa yana iya kama ɗaki, sau da yawa ba ko kwabo, ya kafa fom ko shafi a ciki. Adireshin da za ka gani na maigidan ne, takardar shaida tasa ce, kwaɗon ma nasa ne na gaskiya. Amma wanda ya rubuta tambayoyin da ke cikin fom ɗin ɗan haya ne, wanda ba ka san fuskarsa ba. Su kamfanonin sun san da haka. Alal misali, a ƙasan fom irin na Google Forms akan rubuta gargaɗi da ƙananan haruffa cewa kada a taɓa shigar da kalmar sirri a ciki, kuma akan bayyana cewa ba kamfanin ne ya rubuta abin da ke ciki ba. Sai dai da Turanci ne, can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa in mutum yana ɗokin tallafi.

Har ila yau, ko da maigidan mutumin kirki ne kuma da shi kake hulɗa kai tsaye, akwai tambayoyin da kwaɗo ba ya taɓawa ko kusa. In kayanka sun isa rumbu, a kulle ake ajiye su ko a buɗe? Ma'aikatan kamfanin suna iya karantawa? A wace ƙasa rumbun yake, dokar wa ke aiki a kansa? In gobara ta tashi, akwai kwafe a wani wuri? An taɓa yi musu sata, kuma sun faɗa? In ka ce a goge bayananka, ana gogewa? Waɗannan su ne ainihin tsaron ajiya, amma babu ɗayansu da burauza ke nunawa a bakin adireshi.

Yadda Masu Burauza Suka Yi Ta Fama da Alamar

Kada wani ya zaci mu 'yan Badariya kaɗai ne ba mu gane ba. Su kansu masu ƙera burauza sun daɗe suna sauya dabara. Akwai lokacin da suka fito da takardar shaida ta musamman, wadda sai an binciki rajistar kamfani kafin a ba shi, in ka shiga shafinsa sai sunansa ya fito da kore a gefen adireshi. Da aka bincika sai aka tarar mutane ba sa lura in koren nan ya ɓace, alhali amfaninsa ke nan. A 2019 Chrome da Firefox suka cire shi daga bakin adireshi, suka mayar da bayanin ciki, sai wanda ya danna zai gani.

Suka kuma juya tunani. Maimakon a yabi shafin da ya kulle hanyarsa, gara a tona wanda bai kulle ba. Daga watan Yuli na 2018 Chrome ta fara rubuta kalmomin "Not secure", watau babu tsaro, a gefen duk shafin da ke tafiya a buɗe. Daga nan sai aka koma kan shi kwaɗon. Wani bincike da Google ya yi a 2021 ya nuna kashi 11 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka tambaya suka san ainihin abin da kwaɗon ke nufi. Da yawa sun ɗauka shaida ce ta amana, kamar yadda na ɗauka. Saboda haka a watan Satumba na 2023 Chrome ta cire kwaɗon, ta sa wata alama mai kama da maɓallan saiti, wadda ba ta yi wa kowa alkawari. A wasu burauzocin da tsofaffin wayoyi kuwa kwaɗon yana nan, irinsa na gani a wayar yayata.

Akwai wata alama da ta fi kwaɗo amfani wajen kama mazambata, ita ce jan allon nan da kan rufe fuskar waya gaba ɗaya, yana gargaɗin cewa shafin da za ka shiga mayaudari ne. Yana fitowa ne daga wani jerin miyagun shafuka da ake ta sabuntawa. Amma sai an kai ƙarar shafi ko inji ya gano shi kafin ya shiga jerin, mazambaci kuwa yana iya buɗe sabo da safe ya rufe da yamma. Ke nan fitowar jan allo hujja ce ta gudu, rashin fitowarsa ba hujja ce ta sakin jiki ba.

Ina Ake Samun Sauran Bayanin?

Bayanin tsaron rumbu yana nan, sai dai an ajiye shi inda talaka ba ya zuwa. Akwai ma'aunai na duniya da masu bincike masu zaman kansu ke auna kamfanoni da su, kamar ISO 27001 wanda ya fito a 2005, da ISO 27017 na 2015 wanda aka yi musamman don gajimare. Akwai kuma wata rajista mai suna STAR, ta ƙungiyar Cloud Security Alliance, wadda aka buɗe a 2011, inda kamfanoni ke bayyana matakan tsaronsu. A gida kuma muna da doka. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar cikin awa 72 in aka yi masa kutsen da zai iya cutar da su. Dokar ta ba kowa ikon tambayar abin da aka ajiye game da shi.

Wasu shafuka sukan manna tambarin irin waɗannan shaidu a jikinsu, ko hoton babban kwaɗo mai ruwan zinariya, ko tambarin gwamnati. A nan sai a yi hattara. Duk abin da ke cikin shafi, mai shafin ne ya zana shi, kuma kwafar hoto ba ta ɗaukar minti guda. Kamar mutum ne ya zana kwaɗo da alli a jikin ƙofa. Abin da burauza ta faɗa da bakinta yana sama ne, a layin adireshi, inda hannun mai shafi ba ya kaiwa.

Ni a ganina masu burauza suna da sauran aiki. Dubi kwalin magani. Tun da aka kafa NAFDAC a 1993 muka saba duba lambarta a jikin kwali, daga 2010 kuma aka fara sa wani wuri da za ka kankare, ka aika lambar ta saƙon waya, a gaya maka ko maganin na gaskiya ne. Mai saye ba ya bukatar ya zama likita. Haka nan rumbunan manhajoji na Apple da Google sun fara nuna taƙaitaccen bayanin abin da kowace manhaja ke kwasa, na farko a 2020, na biyu a 2022, ko da yake mai manhajar ne ke faɗa da kansa. Me zai hana burauza ta yi irin wannan ga gajimare? Na san in bayani ya yi yawa babu mai karantawa, labarin koren suna ya ishe mu darasi. Don haka layi uku kawai nake roƙo. Na farko, wannan shafi na maigida ne ko na ɗan haya. Na biyu, kamfanin yana iya karanta abin da na ajiye ko ba ya iyawa. Na uku, wani mai bincike na waje ya duba shi, kuma yaushe. Sa'an nan a rubuta da Hausa ga mai son Hausa. Da layin farko kaɗai ya fito wa yayata a daidai sa'ad da za ta rubuta lambar katinta, da wataƙila kuɗin shinkafar Baba suna nan.

Abin da Ya Rage a Hannunmu

Kafin a yi wannan, rigakafi ya fi magani. Abu mafi muhimmanci shi ne a koyi karanta adireshi. Ga wata dabara da Malam ya koya mana. Ka nemi inda sunan ya ƙare, watau kafin karkatacciyar sandar farko da ke bin sa, sa'an nan ka karanto daga dama zuwa hagu, kamar yadda ake karanta ajami. Ɗauki jamb.gov.ng, adireshin hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wadda aka kafa a 1978. Daga dama, ng Nijeriya ce, gov gwamnati ce, jamb kuma hukumar. Mazambaci ba ya iya mallakar wannan, saboda haka sai ya jera waɗannan kalmomi a hagu, ya maƙala nasa sunan a dama, inda ƙaramar fuskar waya kan yanke shi. Sunan da ke can dama shi ne mai gida, duk abin da ke hagu ado ne. A kuma lura da haruffa masu kama da juna, kamar sifiri a madadin harafin o.

Na biyu, kada a shiga shafin banki ko na jarrabawa ta hanyar danna abin da aka turo a saƙo. Mutum ya rubuta adireshin da hannunsa, ko ya tambayi makaranta. Na uku, a danna alamar da ke gefen adireshi, kwaɗo ce ko wata, a ga wa aka ba takardar da ranar ƙarewarta. Na huɗu, in burauza ta yi gargaɗi cewa takarda ba ta inganta ba, a fara duba kwanan watan da ke cikin wayar ko kwamfutar, domin in agogon ya ɓace takarda mai kyau ma sai ta zama kamar ta mutu, kuma wannan yana yawan faruwa a tsofaffin kwamfutocin shaguna. In agogo daidai yake kuma gargaɗin bai tafi ba, a koma baya, kada a tsallake. Na biyar, lambar sirrin kati da lambar da banki ke aikowa ta saƙon waya ba a faɗa wa kowa, ko da ya rantse daga bankin yake. Mai ba ka tallafi ba ya bukatar mabuɗin asusunka. Na shida, wanda ya yi aiki a shagon kwamfuta, irin waɗanda muke cika lokacin rajistar jarrabawa, ya tabbata ya fita daga asusunsa kafin ya tashi, kada kuma ya yarda burauza ta riƙe masa kalmar sirri a injin da ba nasa ba. In kuwa an riga an faɗa tarko, a garzaya banki nan take a rufe kati, sa'an nan a kai ƙara, domin tun 2015 Nijeriya take da dokar hukunta masu laifi ta intanet.

Kammalawa

A taƙaice dai, kwaɗon bakin adireshi mai gadin hanya ne. Yana tabbatar maka babu mai leƙen saƙonka tsakanin Badariya da inda za shi, kuma ya isa ga mai sunan da ke rubuce. Halin mai sunan, da abin da zai yi da kayanka in sun shiga rumbunsa, wannan bincikenka ne. Rashin kwaɗo dalili ne na ƙin rubuta komai, amma samunsa bai isa dalilin rubutawa ba.

Yayata ta yi rajista a shekarar da ta biyo baya, bayan Baba ya sake noma. Har yanzu takan kira ni in saƙo ya shigo, ni kuwa yanzu ba na amsawa da garaje. Nakan ce, "Yaya, bari mu karanta adireshin tukuna, daga dama." Ina fata kowane ɗalibi da ya karanta wannan zai koya wa mutum ɗaya a gidansu, musamman iyayenmu da ke miƙo mana waya suna cewa mu duba musu, domin sun amince mun sani.